Ranar da Suka Karrama Ka

Zuwa ga mahaifina, Saje Muhammadu mai ritaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga ubanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin sauƙi da yalwa a makwancinka. Na san ba a kai wa mutum takarda inda kake. Na rubuta ne a nan, a cikin wayoyin da aka kalle ka, domin wanda ya kalla ya samu ya karanta.

Mu a gida muna nan yadda ka bar mu. Inna ta fita takaba. Ta rame, amma tana cin abinci. Dawar da ka bari a gona su Yaya Lawan sun ƙarasa girbe ta, tana rumbu. Yanzu ana kai taki, an fara ganin hadari ta gabas.

Kai ka sa mini sunan mahaifiyarka, Hauwa, kuma tun da nake ban taɓa jin sunan a bakinka ba. Uwata kake cewa. Haka kake kirana ina yarinya, haka kake kirana bayan na yi aure na koma Dawakin Tofa na haifi nawa 'ya'yan.

Na taso na san wani abu game da kai wanda ba a maganarsa a gidanmu. Ba ka son ƙara. Ka dawo daga yaƙin Laberiya ina goye a bayan Inna, da ƙafafunka biyu da hannuwanka biyu, mutane suka ce ka dawo lafiya. Amma ba a sayo balan-balan gidanmu da Salla. Idan hadari ya haɗo da tsawa, Inna takan ƙure rediyo ta tura mu ɗakinka mu yi ta surutu. Ranar da maharba za su yi wasansu kuwa, da sassafe kake saɓa fartanya ka tafi gonar bayan rafi, wadda ta fi kowacce nisa, ko da babu ciyawa ko ɗaya da za ka nome.

Sau ɗaya na tambaye ka dalili, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ka ci gaba da ɓarar gyaɗarka. Can ka ce, "Idan abu ya fashe, Uwata, ba a garin nan nake ba sai an dawo da ni." Ba ka ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Kuma ba mu kaɗai muka sani ba. Garinmu gida a jikin gida ne, gona a jikin gona. Babu wanda ya kai shekarun aure a garin nan da bai san Saje ba ya son ƙara ba. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya kowa cewa ya yi bai sani ba.

Ba zan yi wa ginin sharri ba, Baba. Da kyakkyawar niyya aka fara. A 'yan shekarun nan samarin garinmu da dama sun shiga soja, wasu ba a dawo ko da gawarsu ba, can aka binne su inda iyayensu ba su taɓa zuwa ba. Ƙungiyar ci gaban gari ta ce a gina katanga a mararrabar da ake rabuwa zuwa Bagwai da Shanono, a rubuta sunan duk ɗan garin da ya taɓa sa kaki, mai rai da wanda ya rasu. Mata sun kai ruwa wurin ginin. Kai da kanka ka ba da amalankenka aka yi ta ɗibar yashi.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sabo mai shagon takin zamani, shi ya zo zaurenka da mutanensa. Ya ce kai ne babba a cikin tsofaffin sojojin da suka rage, dole ka sa kakinka ka zauna a sahun gaba ranar buɗewa. Ka ce a yi maka uzuri. Ya ce in babu kai babu taro.

Ina gida a ranar, na kawo wa Inna yara. Da za su tafi na tare shi a ƙofar zaure, na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko za a yi harbi. Har rantsuwa ya yi. Ya ce addu'a ce kawai da jawabi, ai kowa ya san halin da kake ciki, in kwantar da hankalina.

Sai ka yarda. Kuma na ga ka yi murna, ko da ka ɓoye. Ka sa aka ciro kakin daga ƙasan akwati, ya yi maka yawa a kafaɗa. Ka goge takalmin har yana ɗaukar ido. Ka aika Unguwar Tsallake, inda majami'a take, aka gaya wa abokinka Kofur Danladi cewa shi ma ya shirya, ku tafi tare. Tare kuka je yaƙin, tare kuka dawo, shi da raunin kunne, kai da naka.

An gama girbin gero, dawa na tsaye a gona, ranar ta zo. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗaura igiya tsakanin maza da mata. Ni ina can ɓangaren mata da goyo a bayana. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Aka yaye ƙyallen da aka rufe katangar da shi. Na ga uwar wani yaro da aka kashe bara ta tafi ta ɗora tafin hannunta a kan sunan ɗanta, ba ta iya karatu ba, nuna mata aka yi. Duk wanda ya gani ya yi hawaye. Da a nan aka tashi, da na yi wa garinmu addu'a har ƙarshen rayuwata.

Amma babban baƙo bai iso ba tukuna. Da motocinsa suka karyo kwana, sai maharba suka fito daga bayan katangar, inda aka ɓoye su, suka ɗaga bindigoginsu sama suka saki gaba ɗaya. Dab da kujerarka suke, Baba. Hayaƙin albarushi har kan hularka.

Na hango ka ka zube daga kan kujera. Ka ja ciki ka shige ƙarƙashin kujerun manyan baƙi, kana ture ƙafafun mutane, ka rufe kai da hannu biyu. Suka sake ɗurawa suka sake harbawa. Hularka ta faɗi. Wandonka ya jiƙe, ana gani, domin kaki ba ya ɓoye jiƙa.

Dariyar ba lokaci guda ta fara ba. Wani ne ya fara daga can baya, sai ta bi sahu-sahu har gaba. Babban baƙo, da ya fito daga mota, ya sa hankici ya rufe baki. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce Saje ya tuna fagen fama, a tafa masa. Aka tafa.

Kana kira. "Uwata! Uwata!" Su a ganinsu tsoho mai furfura ne yake kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa, abin ya ƙara ba su dariya. Ni na san wadda kake kira. Na tsallake igiyar, ina ture maza da goyo a bayana, wani yana ce mini nan ba wurin mata ba ne. Kafin in iso Kofur Danladi ya riga ni. Ya yar da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya rufe ka daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya sa bakinsa a kunnenka yana faɗa maka sunan garinmu, yana maimaitawa, har ka buɗe ido.

Mu biyu muka fitar da kai ta bayan rumfa. Taron bai tsaya ba. Muna tafe muna jin jawabin Alhaji Sabo a lasifika, yana cewa garin nan ba zai taɓa mantawa da sadaukarwar 'ya'yansa ba.

Kafin la'asar bidiyon faɗuwarka ya bar garinmu. Ka san wanda ya ɗauka, amma zan faɗa domin masu karatu. Nasiru ne, ɗan ƙanenka marigayi Baba Isa. Nasirun da ka ɗauko yana maraya ka haɗa shi da mu, kwano ɗaya muke ci da shi, kai ka yi masa aure, kai ka ba shi kan gonarka na bakin titi ya kafa shagon cajin waya. Da ka faɗi bai zo ya ɗaga ka ba. Tsugunnawa ya yi ya kawo wayar kusa da fuskarka, don muryar ta fito sosai.

Na same shi a shagonsa washegari. Ya ce, "Haba Yaya Hauwa, ai wasa ne. Kuma ba ni kaɗai na ɗauka ba." Na ce ya goge. Ya ce ko ya goge ya riga ya tafi, sannan ya juyo mini da wayar, yana nuna mini yawan mutanen da suka kalla, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce garinmu ya yi suna.

Na je wurin Alhaji Sabo. Ya ce shi bai tuna ya yi mini wani alkawari ba, kuma wa ya taɓa ganin taron sojoji babu harbi.

Daga nan sai muryarka ta zama ta kowa. Masu barkwanci suka cire ta suka ɗora a kan nasu bidiyon: mutum ya ga ɓera, sai a ji "Uwata!", mutum ya ga matarsa ta ɗauki muciya, sai a ji "Uwata!" Na ji ta a cikin mota ina hanyar Kano, wani fasinja yana kunna wa na kusa da shi. Na ji ta a gidan suna a Dawakin Tofa, matan da ba su san ni 'yarka ba ce suna miƙo mini wayar, wai in gani in yi dariya. Wani ya rubuta a ƙasan bidiyon cewa in irin waɗannan ne sojojin, ba mamaki.

A gari kuma sai aka samu abin wasa. Ka fito za ka masallaci, a hura leda a fasa a bayanka. Ka wuce majalisa, wani ya siranta murya ya ce "Uwata." Ba yara kaɗai ba. Na san masu gemu a cikinsu. Sai ka koma yin salla a zaure, kai da ka shekara da shekaru ba a riga ka sahun farko ba. Liman ya yi wa'azi a kan abin sau ɗaya, bai kama suna ba, aka fito aka ci gaba.

Kofur Danladi kaɗai yake zuwa. Ya ratso rafi da sandarsa, ku zauna a kan tabarma, ba ku cika magana ba. Inna ta kawo muku fura.

Wata ranar Juma'a na zo, ka kira ni zaure ka ce in nuna maka. Na yi kamar ban gane ba. Ka ce abin da ake yi wa dariyar kake son gani, tunda kai ba ka nan lokacin da ya faru. Na ce babu kyau, Baba. Ka ce umarni ne. Ban taɓa jin ka yi mini magana da wannan muryar ba.

Ka riƙe wayar nesa da idonka, kamar yadda kake riƙe Alƙur'ani in ka manta tabarau. Ka kalla har ƙarshe. Ba ka motsa ba ko da ƙarar ta tashi. Ka miƙo mini ka ce, "Ashe haka nake." Can kuma ka ce, "Danladi ya kyauta." Ka tashi ka shiga ciki. Ranar ba ka ci tuwo ba.

Da dawa ta nuna muka roƙe ka ka bar wa su Yaya Lawan. Ka ƙi. Ka ce ba ka taɓa zama a gida wani ya yanke maka dawa ba. Ka riƙa fita ta bayan gari, kana bin iyakar gonakin mutane don kada ka bi ta mararraba. Amma ranar da ka ɗauko dami a ka, hanyar bayan ta yi maka ƙunci, dole ka biyo titi.

Wasu samari suna zaune a gindin katangar, domin ta zama wurin hira, tana da inuwa da yamma. Suna da tsohon tiyub na babur da suka cika da iska. Suka bari sai da ka hau kan kwalbati sannan suka fasa shi. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya ɗaga waya yana jira.

Ka faɗa ramin kwalbatin, damin ya biyo ka. Ƙugunka ya karye. Wata mata mai dawowa daga itace ce ta yi kururuwa aka zo, su sun watse. Ta ce da ta leƙa ta same ka kwance shiru, idonka a buɗe, ka cije leɓe har jini. Ba ka kira kowa ba a wannan karon.

An san su duka. An san iyayensu, an san gonakinsu, ɗaya har da mata da ɗa. Aka kai magana gaban mai gari, aka ce yara ne, tsautsayi ne, a yi haƙuri, duk gida ɗaya ne. Iyayen suka aiko da goro.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, aka kai ka asibiti a Kano, aka dawo da kai. Ba ka sake takawa ba. Ka ce wa Inna kada a bar kowa ya shigo ɗakin da waya, ko wane ne. Duk mai zuwa dubiya sai ya ajiye wayarsa a kan turmi a tsakar gida. Wasu sun ji haushin wannan, suka ce Saje ya cika riƙo.

Kwanakinka na ƙarshe ka nemi gafarar Inna, ka nemi tamu ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce maka, to mutanen gari fa, ka yafe musu? Ka juya fuskarka bango. Ba mu san amsar ba har yau, kuma ba zan ƙirƙira maka ita ba.

An ce jana'izarka ta cika har bakin titi. Mu mata muna ciki, muna jin takun ƙafafu. Yaya Lawan ya ce mini Nasiru yana cikin waɗanda suka yi rige-rigen kama makara. Kofur Danladi ya bi ku har maƙabarta, ya tsaya daga bakin shinge, da aka gama turbuɗa ƙasa ya jingine sandarsa ya ƙame ya sara maka, shi kaɗai.

A daren ukunka Nasiru ya sake saka bidiyon. Wannan karon ya cire dariyar, ya ɗora masa sauti mai ban tausayi, ya rubuta a sama cewa garinmu ya yi rashin gwarzo. Hoton dai shi ne: kai a ƙarƙashin kujera. Mutanen da suka yi dariya jiya suka bi layi suna rubuta Allah ya jiƙan maza. An ce wannan ya fi na farko samun masu kallo.

Ƙungiya ta turo magini ya ƙara "Marigayi" a gaban sunanka a jikin katangar. Sannan Alhaji Sabo ya aiko, Inna tana cikin takaba, wai a ba su kakinka su sa a gilashi a ofishinsu, domin na baya su gani su yi koyi. Inna ta amsa daga bayan labule. Ta ce, "Ku gaya masa wandon dai shi ne wanda suka yi wa dariya, ba wani ba. In shi yake so, ya zo da ƙafarsa ya roƙa da bakinsa." Bai zo ba. Kakin yana nan a akwatinta.

Ana ta ce mini in yafe, Baba. Malamai sun faɗa, mijina ya faɗa, na kuma san gaskiya suke faɗa. Ina roƙon Allah ya kai ni wurin. Amma ban kai ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Idan na zo gari nakan sauka kafin mararraba in bi ta cikin gonaki. Nasiru ya gaishe ni sau da yawa, ina amsawa, iyakarta ke nan.

Saura abu ɗaya, wanda ban gaya wa ko Inna ba.

Kai ba mai son hoto ba ne. Da muka bincika bayan rasuwarka, abin da muka samu hoton katin fanshonka ne, da wani na bikin Yaya Lawan inda rabin fuskarka kawai ya fito. Babu inda kake motsi, babu inda kake magana. A duk duniya, wuri ɗaya ne ya rage da zan ga ka ɗaga hannu ko ka juya kai, shi ne bidiyon Nasiru.

Don haka yana cikin wayata. Na sha kai yatsa zan goge in fasa. Na farkon nake da shi, wanda ba a yanke ba, kuma ya fara ɗauka ne tun kafin motocin su iso. Kana zaune a miƙe, gwiwoyinka a haɗe, takalmin yana ƙyalli. Ka gyara hularka. Kofur Danladi ya ce maka wani abu, ka sunkuya ka maimaita masa amsar a kunne, kuka yi dariya ku biyu. Sannan ka juya ɓangaren mata kana dube-dube, har ka gano inda muke, ka ɗan ɗaga mana hannu a ɓoye, kamar kada a ga soja yana wasa a bakin aiki.

A nan nake tsayar da shi. Na san daidai wurin, yatsana ya saba. Jikarka Ummi takan hau cinyata ta ce in nuna mata Kaka. Tana ɗaga maka hannu ita ma. Ta ɗauka iyakar bidiyon ke nan. Wata rana wani zai nuna mata sauran, a makaranta ko a gidan biki, ban san yadda zan hana ba. Ina so kafin ranar ta zo ta riga ta karanta wannan.

Allah ya jiƙan ka, Babana. Allah ya gafarta maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ya sa wahalar da ka sha a can da wadda ka sha a nan su zama kaffara. Ya yalwata kabarinka, ya sanyaya shi, ya sa ka kwanta inda babu abin da zai sake firgita ka. Ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna Firdausi. Ya ba Inna haƙuri, ya ba Kofur Danladi lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Hauwa